Babin Yaya Najib

Asabar, 11 ga Satumba, da hantsi

Malama Kamila ce ta ce in riƙa rubutawa. Ta ce ba sai labari ba, ko abin da na ci da safe ne in rubuta, kada hannu ya mutu. To, koko na sha, babu suga.

Muna gidan Kawu Rilwanu a Batsari, ni da Inna, tun bayan Larabar nan. Ɗakin da aka ba mu, da can nan yake aje masara, har yanzu warin maganin ƙwari bai fita ba. Taga ɗaya ce, bangon maƙwabta take kallo. Inna tana kan tabarma da carbinta, ba za ta taka ƙofar gida ba sai ta fita takaba. Ni ba takaba nake ba, amma Kawu ya ce iyakata zaure.

Shekaranjiya aka ɗauke sabis a garin nan da kewaye. Wayar Kawu ta koma fitila. Kafin a ɗauke kullum tana aljihun gabanshi yana jiran kira, ko bayi zai shiga sai ya ba ni riƙo. Yanzu ko waɗanda suka tafi da Yaya Najib sun so kira babu ta inda za su kira.

Abin da na fito da shi daga ƙauyenmu Yasore: hijabi biyu, takardar jarabawata, da littattafan da muke rubuta labarinmu ni da Yaya Najib. Inna ta ga ina cusa su a buhu ranar, ta dube ni. Ko ludayi ban ɗauko ba.

Lahadi, bayan azahar

Na fito da littattafan na jera su a kan buhu. Ban buɗe ba.

Malama Kamila ce silar wannan ma. Ita ke koya mamu Turanci, daga Katsina aka turo ta. Ina aji huɗu na sakandare ta ara mani wani tsohon littafi na tatsuniyoyin Girkawa, bangonshi ya yage. Yaya Najib ya zo hutu daga makarantarshi ta koyon malanta, ya ƙwace, ya riƙa tafiya da shi gona. Baba yana huɗa, shi yana gindin ɗorawa wai yana hutawa. Da ya gama ya ce, “Mubina, mutanen nan ba su da aiki sai faɗa da shiga rami. Mu ma muna da ramuka a duwatsun Ruma, me zai hana?”

Haka muka fara namu. Wa da ƙanwa ne, Daudu da Gambo. Gambo tana da ido na daban, tana ganin wani siririn zare a saman kan kowane mutum, ya miƙe ya nufi yamma. Zarurrukan duka suna ƙarewa ne a wani kogo, inda tsofaffi uku suke kaɗi: ɗaya tana murza mazari, ɗaya tana awo da kamu, ta ukun tana riƙe da almakashi. Wannan daga littafin Girkawan muka ɗauko, sai dai namu tsofaffin suna cin goro suna gulmar juna. Wata safiya Gambo ta ga zaren Daudu ya ƙulle, ya bi cikin ƙasa maimakon yamma. Shi kuma Daudu ya bi zaren.

Dokarmu: babi ɗaya nawa, babi ɗaya nashi. Gambo tawa ce, Daudu nashi, babu mai taɓa mutumin wani. A babinshi na ƙarshe ya kai Daudu bakin wani baƙin kogi a ƙarƙashin ƙasa, mai fito ya miƙo hannu yana neman ladan ƙetarawa. Na yi nawa bayan wannan. Yanzu layinshi ne.

Litinin, bayan magariba

Kawu ya dawo daga sakatariya. Babu labari.

Laraba, da safe

Ba na son Laraba. Na wanke kayan da ba su yi datti ba.

Alhamis, bayan la'asar

Yau da ranar kasuwa ce. An hana cin ta. Daga zaure na leƙa, titi fayau, babu babur ko ɗaya, shi ma an hana. Ban taɓa jin Batsari shiru haka ba, har kukan akuyar wata unguwa ana ji.

Kande ta zo ɗibar ruwa a rijiyar gidan nan. 'Yar ajinmu ce, mutanen Darini. Suna firamare ta bayan masallaci, inda aka sauke waɗanda suka taso daga ƙauyuka, gida biyar a aji ɗaya an raba da zannuwa. Ta rame. Ta gaida Inna ta yi mata ta'aziyya, sannan ta ja ni gefe ta ce, “Ina Gambo ta kwana?” A makaranta nakan karanta masu lokacin hutun tara. Na ce Gambo tana buhu. Ta ce, “Ki fito da ita mana, mu ma duk a buhun muke.”

Na yi dariya. Inna ta ɗago kai, na daina.

Juma'a, bayan an sauko masallaci

Na karanta wa Kande da ƙannenta mata biyu babin farko a tsakar gida. Ban san Kawu yana zaure ba.

Da suka tafi ya kira ni. Ya karɓi littafin yana juya shi, ya ce, “Su wa ke yanke zaren rai a nan?”

Na ce tsofaffi ne, tatsuniya ce.

Ya ce, “Daga ina kuka samo ta?”

Na gaya mashi. Ya ce ya san Girkawan nan, mutane ne masu alloli barkatai, har da na giya. Ya ce rai da ajali na Allah ne Shi kaɗai, kuma gidan da ake zaman makoki ba nan ne wurin wasa da irin wannan magana ba. Bai ɗaga murya ba. Na ce, Kawu, mu ba mu sa allah ko ɗaya a ciki ba, Yaya ya ce tsofaffin 'yan ƙwadago ne kawai, ba su san ma wa ya ba su aikin ba.

Da na ambaci Yaya sai ya rufe littafin a hankali, ya shafa bangon da tafin hannu, wurin da rubutun Yaya yake. Ya miƙo mani ya ce, “Ba dai a gidan nan ba.”

Lahadi, da hantsi

Kawu ya bi motar farko ya nufi wajen Katsina neman sabis. Haka mutane suke yi yanzu, a yi tafiya mai nisa don a kunna waya.

Lahadi, bayan magariba

Ya dawo. Ya ce da ya kunna, saƙo ya shigo cewa wata lamba ta neme shi sau da yawa a makon jiya. Ya kira, a kashe. Ya zauna gindin bishiya har la'asar yana kira, a kashe.

Inna ta ce, “Allah Ya sa mu ji alheri.” Iyakar abin da ta ce ke nan. Tun da muka zo ba ta kira sunanshi ba. Ɗan fari ne, da ma ba ta faɗin sunan, sai dai ta ce “yaron nan”. Yanzu ko “yaron nan” ɗin ta daina.

Talata, bayan azahar

Malama Kamila ta zo. Ita ma ta maƙale, makaranta a rufe, mijinta yana Katsina ya ce ta zauna inda take sai hanya ta yi kyau. Ta daɗe tana gaisawa da Kawu a zaure, ta tambayi aiki, ta tambayi iyali, ta tambayi haƙuri, sannan ta shigo da maganar. Tana tara yaran firamare da safe tana koya masu baƙi da wasali don kada su watse, tana son mai taimako.

Kawu ya ce, “Malama, ni amana aka bar mani. Saura ita kaɗai.”

Ta ce ita za ta zo ta ɗauke ni, ita za ta maido ni kafin azahar. Daga ƙarshe ya ce to.

Da za ta tafi ta raɗa mani, “Ki taho da littattafan. Can ba gidanshi ba ne.”

Alhamis, da yamma

Kwana biyu ke nan ina zuwa firamare. Wurin yana warin hayaƙi da fitsarin yara. An shanya tafasa a kan bencuna. Mata suna girki a murhun duwatsu a filin da ake taron safe. Mun gama karatu da ƙananan, sai 'yan matan suka kewaye ni a barandar aji shida, su Kande a gaba.

Na karanta inda Gambo ta haɗu da wata mace mai gashin macizai a bakin rijiya. A littafin Girkawa kashe irinta ake yi. Tamu kitso take nema, shekara da shekaru babu wanda ya yarda ya taɓa kanta. Gambo ta rufe ido ta yi mata shuku da macizan. Wata tsohuwa da ke tsince wake a gefe ta yi dariya har ta ƙware, ta ce, “Ja'irar yarinya, to ladan kitson fa?”

Na dawo gida da murya a dishe. Bango, taga, Inna, carbi. Babu labari.

Asabar, da safe

An aiko wa Kawu ya je ya duba gawar wani da aka tsinta a bakin rafi wajen Ruma.

Asabar, bayan la'asar

Ya dawo. Ya tsaya bakin rijiya yana wanke hannu, ya wanke, ya sake wankewa, har sabulun ya ƙare. Ya zo ƙofar ɗakinmu bai shigo ba, ya ce wa Inna, “Dije, ba shi ba ne.”

Inna ta ce alhamdu lillahi. Daga baya na ji tana cewa, ƙasa ƙasa, “Ɗan wata ne.”

Ban ci tuwo ba.

Talata, 28 ga Satumba, da yamma

Babukan da muka rubuta sun kusa ƙarewa. Ina ja masu rai, ina karantawa a hankali, ina ƙara surutun tsofaffin da babu shi a takarda. Maza ma sun fara tsayawa daga nesa, suna yi kamar inuwa suke sha.

Jirgin yaƙi ya wuce sau biyu ya nufi yamma. Kowa ya ɗaga kai. Ban san abin da zan roƙa ba idan na ji shi. In ce Allah Ya ba su sa'a, to su wa ke ƙasan?

Alhamis, bayan azahar

Sun ƙare.

Na karanta inda mai fito ya miƙo hannu, na karanta nawa na bayanshi, na rufe. Kande ta ce, “Sai me? Me Daudu ya ba shi?”

Na ce ban sani ba.

“Ba ke ke rubutawa ba?”

Na ce wannan babin ba nawa ba ne.

Ta gane. Amma ta ce, “Mubina, duk wanda kika gani a barandar nan yana jiran wani. Ni yayata nake jira da goyonta. Abu ɗaya ne a garin nan ake ce mamu gobe za a ci gaba kuma a ci gaba, shi ma za ki hana mu?”

Na ce ba zan taɓa Daudu ba. Ta tashi ta kaɗe zane ta tafi.

Juma'a, da hantsi

Ban je ba. Na ce wa Malama kaina ke ciwo.

Na ɗauki biro na buɗe shafin da ya bari. Ya rubuta lambar babin a sama da jan biro, ya ja layi biyu a ƙarƙashi yadda yake yi, sauran fari fat. Idan na rubuta a nan, me na ce ke nan?

Lahadi

Babu labari. Gero ya isa girbi a Yasore. Tsuntsaye ne za su ci.

Litinin, 4 ga Oktoba, bayan azahar

Bari in rubuta yadda aka yi tun daga farko.

Na koma firamare. Na ce masu zan sake karanto na baya, wanda ya gaji ya tashi. Ba wanda ya tashi. Akwai wata baƙuwar dattijuwa zaune a ƙarshen baranda, ta jingina da ginshiƙi, ƙafafunta a kumbure an shafa masu man kaɗanya. Kande ta ce mani sunanta A'isha, mutuniyar Ruma ce, shekaranjiya ta fito daga hannun mutanen nan. Ba ta magana da kowa.

Na kai wurin baƙin kogi. Na ce mai fito ya miƙo hannu. Zan rufe ke nan, sai na ji murya daga can ƙarshe ta ce, “Ba kuɗi yake karɓa ba. Suna yake karɓa.”

Duk muka juya. Idonta a rufe yake. Ta ce, “Duk wanda ya ba shi sunanshi ya ƙetare, to ba zai ƙara tuna ko shi wane ne ba. Sai yaron ya ba shi sunan jakinsu. Ya ce sunana Sarkin Ƙi. Mai fito ya sa sunan a jaka, jirgi ya kai tsakiyar ruwa ya tsaya, ya ƙi gaba ya ƙi baya.”

Sarkin Ƙi jakinmu ne. Goho Baba yake ce mashi, kowa ma Goho yake ce mashi. Mutum ɗaya ne a duniya yake kiranshi Sarkin Ƙi.

Ban san lokacin da na isa gabanta ba. Na ce, “Baba A'isha, wa ya ba ki wannan?”

Ta buɗe ido ta dube ni da kyau. Ta ce, “Wani ɗan makaranta, dogo, mai wushirya. Ɗan Malam muke ce mashi. Ke ce ƙanwar?”

Ta ce idan rana ta yi sanyi masu gadinsu suka koma gefe suna shan hayaƙinsu, sai ya riƙa ba su labarin ƙasa ƙasa, kowa ya matso iyakar inda igiya ta kai. Ta ce ranar jakin nan sai da suka cusa mayafi a baki don kada a ji dariya. Na ce yaushe rabonta da shi. Ta ce kafin tsayuwar watan nan da ya wuce aka raba su, aka yi kudu da mazan. Na ce lafiyarshi lau? Ta ce, “Yana tafiya.” Na sake tambaya, ta sake cewa, “Yana tafiya dai.”

Na ruga gida ban jira Malama ba. Na faɗa ɗaki na gaya wa Inna, ina yi ina haɗa jaki da kogi da igiya, ban san ko ta fahimta ba. Ta aje carbin. Ta ce, “Najibu ne. Shi ke wa jakin nan rashin kunya.”

Da bakinta ta faɗi sunan.

Talata, da safe

Kawu ya je ya ga Baba A'isha da kanshi. Ya daɗe. Da ya dawo ya tsaya a tsakar gida ya ce mani, ba tare da ya kalle ni ba, “In kin ga dama ki karanta wa uwarki. Ki dai rage murya.”

Na karanta mata. Ba ta yi dariya ko sau ɗaya ba, amma duk inda na zo babinshi sai ta ce in maimaita.

Juma'a, bayan la'asar

Na ɗauka in mun ji yana raye za a samu sauƙi. Ɗakin ya ƙara matsewa. Da can jira nake kamar dutse, yanzu ko ƙofa ta motsa sai na miƙe in duba. Kafin tsayuwar wata. Yana tafiya dai. Ina ta juya maganar nan kamar zan samu wani abu a bayanta.

Baba A'isha ce ke ba su labarin yanzu, iyakar abin da ta riƙe. Ni ina zaune cikin masu saurare. Kande ta matsa mani wuri a tabarmarta, ba mu tada maganar ranar nan ba.

Lahadi

Babu labari.

Laraba, 13 ga Oktoba, da hantsi

Wani direba ya tsaya a sakatariya ya ce mutane sun ɓullo daga daji ta wajen Safana, sun gudo da aka yi ruwan wuta a sansanin 'yan bindigar, an kwashe su zuwa asibiti. Ya ce akwai samari a ciki.

Gobe akwai rakiyar sojoji zuwa Safana. Inna ba ta fita. Ta ce wa Kawu, “Ka tafi da Mubina. In shi ne zai so mai jinya. In ba shi ba ne, kada ka dawo kai kaɗai da wannan fuskar.”

Alhamis, Safana, bayan la'asar

Shi ne.

Juma'a, Safana, da hantsi

Jiya ban iya rubuta fiye da haka ba.

Mun taho a jere, mota bayan mota. Gonaki dama da hagu, dawa ta yi kai, babu mutum ko ɗaya a ciki.

A ɗakin maza na wuce shi. Na bi gadajen har ƙarshe na juyo na ce wa Kawu babu shi. Sai na ji an ce, “Auta.” Wani ne a gado na kusa da ƙofa, an aske kanshi, wuyanshi kamar sillen kara, ana yi mashi ƙarin ruwa. Ƙafafunshi biyu an naɗe su da bandeji har ƙauri. Sai da ya yi murmushi na ga wushiryar.

Kawu ya zauna a ƙasa, a kan simintin, ya rufe fuska da hula.

Da muka natsu Yaya ya ce, “Ina Inna? Ina Baba?”

Kawu ya riga ni. Ya ce suna Batsari, hanya ce ba kyau.

A waje ya ce mani, “Ba yanzu ba. Likita ya ce jininshi ya yi ƙasa. Ki bari ya yi ƙarfi, ni zan gaya mashi da kaina.” Ya bi rakiyar yamma ya koma ya kai wa Inna albishir, ya ce jibi zai dawo. Ya bar ni a hannun matar wani abokin aikinshi, a bayan asibiti nake kwana.

Lahadi, bayan azahar

Kawu bai dawo ba. An ce an rufe hanyar, wani abu ya faru a tsakani, ba a faɗi ko mene ne ba. Ban ma san ko ya isa ba. Nan ma babu sabis.

Yaya yana shan kunu kaɗan kaɗan. Ba ya son a rufe ƙofa, ba ya son a tsaya ta bayanshi. In nas ta zo wanke ƙafar sai ya ce in fita.

Ya ce, “Baba ya samu ya girbe geron kuwa?”

Na ce an girbe.

“Shi da wa?”

Na ce da mutane.

Ni da nake tsara ƙarya shafi shafi a ba ni tafi, wannan 'yar guntuwar ta nemi gagara ta.

Litinin, da yamma

Hanya a rufe. Ya tambayi Baba sau biyu. Ya ce ya yi mamaki, Baba da ko zazzaɓi ya yi a makaranta sai ya hau mota ya je.

Talata, 19 ga Oktoba, bayan la'asar

Yau ya ɗan ji daɗi, ya zauna ya jingina da filo. Na ba shi labarin Baba A'isha da barandar aji shida da yadda Sarkin Ƙi ya kawo mamu labarinshi. Ya yi dariya har ya riƙe haƙarƙari. Ya ce ta fita ashe, alhamdu lillahi. Ya ce ba don daɗi ya fara ba su ba, akwai wani dattijo da ke kuka da rana tsaka, su kuma in an yi kuka duka suke yi, sai ya ga gara a ba kunnuwan mutane wani aiki.

Sannan ya ce, “Auta, na karya doka. Na taɓa maki Gambo.”

Na ce me ka sa ta yi.

Ya ce, “Sun matsa mani wai sai ta biyo Daudu cikin ramin. Na ƙi. Na sa tsofaffin sun riƙe ta tana yi masu saɓin auduga. Duk wanda ya taso zai biyo shi sai in san yadda na yi na maida shi gida. Ina can ina ta roƙon Allah kada wani ya ce zai biyo ni. Shi kaɗai ne abin da na samu sauƙi da shi, da na san kuna gida.”

Na dubi ƙofa. Babu Kawu, babu mota, babu wanda zai zo ya karɓe ni.

Na ce, “Yaya, Baba ya biyo ka.”

Bai motsa ba.

Na gaya mashi. Ranar Laraba, da aka zo aka ce an tafi da shi daga gonar fadama, maza suka ce a jira a taru. Baba bai jira ba. Da yamma aka same shi a hanyar rafi, ba nisa da tsamiyar nan. Washegari da safe aka yi mashi sutura a Yasore, da azahar muka bar garin. Inna tana takaba, shi ya sa ba ta zo ba. Geron yana nan a tsaye.

Ya yi salati a hankali, ya maimaita. Ya daɗe yana kallon bandejin ƙafarshi. Can ya ce, “Da me ya fita? Ya ɗauki bindigar Kaka?”

Na ce a'a.

“Adda?”

Na ce, “Takalmanka. Ya je gonar ya gan su a bakin kunya inda ka tuɓe. Ya ce ba za ka iya dajin nan ba takalmi ba, ƙaya ta yi yawa. Ya ce zai miƙa masu kawai su ba ka, ya dawo.”

Mutumin gado na gaba ya juya mamu baya, ya ja bargo har kai. Yaya ya miƙo hannu, na ɗauka ruwa yake so, na ɗauko kofi. Ya girgiza kai. Ya kama bakin hijabina ya riƙe, kamar yadda nake riƙe rigarshi in za mu ƙetare titi ranar kasuwa ina ƙarama. Har aka kira magariba bai saki ba, ni ma ban tashi ba.